Layina Ɗaya a Shafin Jirgin Tenere

Ni na fara rubuta shafin nan, ina so a riƙe wannan tun yanzu. Kafin in sa hannu, in mutum ya shiga babban kundin sani na intanet, wanda kowa ke da damar rubutawa da gyarawa, ya nemi labarin jirgin saman fasinja da ya tarwatse a kan hamadar Tenere zamanin mulkin soja, zai same shi da Faransanci, zai same shi da Larabci da wasu harsuna barkatai. Da Hausa kuwa babu ko layi ɗaya. Ni ne na zauna a ƙofar gidana a Filinge, shekarata ta biyu da aje aikin koyarwa, tabarau a kan hanci, talho, wato wayar salula, a hannu, na yi sati uku ina danna haruffa da yatsa ɗaya. In rezo, wato sabis, ya ɗauke in jira, in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke in kai talhon caji bakin kasuwa. Matata ta ce tun da muka yi aure ba ta taɓa ganin na bar fura ta tsinke a kwano ba sai a kwanakin nan.

Saboda yayana na yi wannan wahala. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shekara shida ya ba ni. Lokacin da jirgin ya faɗi ni ƙaramin mushe ne, wato malami, a wata lakwal, makarantar boko ta ƙauye wajen Abala, aji ɗaya na zana da kara, shi kuma soja ne, direban babbar mota a barikin Agadas. A rediyo muka ji labari, aka ce ba wanda ya tsira. Bayan wata biyu yaya ya zo hutu gida a rame, kuma a bakin wani abokin aikinsa muka ji cewa motarsa na cikin waɗanda aka tura wurin da abin ya faru.

Tun daga wannan zuwan yaya bai ƙara cin gasasshen nama ba. Ranar Layya, da an bankare raguna a kan itace an jera su gefen wuta, sai ya ɗauki butarsa ya nufi gona, ko da rani ne ba komai cikinta sai kara, ba ya dawowa sai hayaƙi ya lafa. Haka ya yi yana soja in salla ta same shi gida, haka ya ci gaba bayan ya tuɓe kaki ya koma noman gero. Ba wanda ya tambaye shi dalili. Ni dai sau ɗaya na gwada, muna hanyar gona, na ce, "Yaya, wai can Tenere yaya kunka ishe wurin?" Bai ko juyo ba ya ce, "Aiki na anka sa mu, munka yi." A gidanmu ƙane ba ya maimaita wa wansa tambaya. Ko sunansa ban taɓa kira ba, kuma in muna magana ƙasa nake kallo. Na yi shiru, shirun nan ya kai shekara talatin.

Abin da bai faɗa mini ba sai na cike da kaina. A raina yayana jarumi ne da ya ga abin da ba ya faɗuwa, ya haɗiye shi kamar namiji. Haka na riƙa ba ɗalibaina labarinsa duk lokacin da darasi ya kai mu hamada. Don haka da na gama juyo bayanin jirgin daga shafin Faransanci, inda ya taso da inda ya nufa da abin da bincike ya gano, sai na buɗe wani sashe nawa na kaina, na sa masa suna "Zuwan sojojin ƙasa". Nan na saki alƙalami. Na kwatanta rairayi da zafin rana, na kwatanta samari cikin kaki suna tafe ba ci ba sha, ƙirji a gaba. Ban ambaci yaya ba, amma kowane layi shi nake gani. Da na karanta wa matata ta ce, "Kamar kana wurin." Kwana biyu ina jin daɗin wannan magana.

Kuskurena ɗaya, na nuna wa taubashina.

Ɗan gwaggona ne, ƙanwar babanmu da aka aurar Tabla. Sa'ana ne, kuma a gidanmu ya zauna ya yi lakwal, benci ɗaya muka raba shekara shida. Duk shekarun nan shi ne na ɗaya ni ne na biyu. In aka yi dikte, wato shifta, ni in yi kuskure biyu, shi ko ɗaya babu, alhali ni ke kwana kan littafi shi yana can yana farautar gafiya. Ranar da wani babba ya zo daga Yamai ziyara, ni na yi sati ina haddace jawabin maraba, da safe mushe ya saurare mu ya ce muryar ɗan Tabla ta fi fita, ni aka ba tuta in riƙe. Shi ya wuce babbar makaranta ya yi aiki a ofishin adana takardun gwamnati, ni na ƙare a gaban tablo da alli. Ban taɓa ƙin sa ba, Allah ya sani. Amma tun muna yara in aka yabe shi sai in ji haushi, kuma tsufa bai raba ni da wannan ba.

A wajen wani suna muka haɗu, shi ma ya aje aiki ya koma Tabla. Na ciro talho ina fankama, na ce yau ga abin da na sani bai sani ba. Na nuna masa kundin, na nuna masa yadda mutum ke buɗe sunan da zai riƙa rubutu da shi, yadda ake rubutu, yadda kowane shafi ke da tarihinsa da ke nuna wanda ya sa kowace kalma da wanda ya cire. Ya karɓi talhon yana juya shi ya ce, "Ɗan kawu, wanga abu kai ka iya shi? To lalle bai da wuya." Mutane suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Kafin damina ta fita ya rubuta shafuka sun fi nawa yawa, masu rubutu daga Kano da Damagaram da Akara suna neman shawararsa. Da hannuna na buɗe masa ƙofar.

A kundin akwai wata al'ada. In mutum ya ga shafinsa ya nuna, sai ya miƙa shi a duba. Wani daga cikin masu rubutu ya ɗauka ya bi shi layi layi, in ya gamsu a liƙa wa shafin ɗan tauraro a sama, alamar yana cikin masu kyau. Ina son tauraron nan kamar yadda yaro ke son rigar salla. Na miƙa shafina ranar Laraba, ina fatan wani baƙo daga nesa ya ɗauka. Ranar Juma'a na duba, na ga sunan da taubashina ke rubutu da shi a ƙarƙashin nawa, ya sa: "Na ɗauki wannan."

Kwana huɗu ya yi. Da na buɗe shafin sai na tuna kayen ɗalibaina, littattafan rubutunsu, in na bi su da jan bik ina gyara. Ya gyara mini lokacin tashin jirgi, ashe na haɗa agogon ƙasashe biyu. Ya cire wani wuri da na ɗora laifi kai tsaye, ya mayar da shi "bincike ya nuna", ya jingina shi da takardar da ta faɗa. Duk wannan na haɗiye, don gaskiyarsa ce. Amma da na gangaro sashena sai na ga kowane layi da 'yar alama a bayansa: ana buƙatar hujja, ana buƙatar hujja, ana buƙatar hujja. A shafin tattaunawa ya rubuta cikin ladabi, kamar bai san ni ba, cewa dokar kundin ita ce ba a sa abin da mutum ya ji ko ya zata, sai abin da aka buga a littafi ko jarida, ko aka watsa a inda kowa zai iya komawa ya tabbatar. Ya ba ni sati biyu in kawo madogara. Sati biyu suka cika ban kawo ba, ya share sashen. Layi ɗaya kaɗai ya bari: "Sojojin ƙasa sun ratsa hamada zuwa wurin, sun yi aikinsu ba tare da tsoro ko gajiya ba."

Ranar kasuwa na same shi a rumfar wani tela abokinmu, yana shan shayi da mutane biyar ko shida. Na tafi da niyyar in faɗa masa magana mai zafi. Tun daga nesa ya hango ni ya ɗaga murya.

"Fofo, ɗan kawu! Ku ba shi wuri, marubuci na ya zaka. Mutumin da yat tahi Tenere bisa tabarma, daga ƙohwar gida nai."

Na ce, "Kai dai ɗan gwaggo tun kana yaro ɓarna kaka yi. Abin da mutum yag gina sati ukku, kai ka rushe shi kwana huɗu."

"Ai na bar maka wutsiya. Layin nan rabinshi na da hujja, wani littahi ya ce sojojinmu sun tahi. Rabin na biyu kau tausai na, don kar ka yi kuka gaban matarka."

Rumfa ta ɗauki dariya. To, me zan yi? Wanda duk ya tashi a ƙasarmu ta Kurfai ya san taubashi ba a fushi da shi. Ya zage ka, ya kwashe maka takalmi a masallaci, ya tona asirinka a gaban surukai, iyakarka ka rama da wasa. In ka ɓata rai kai ne abin dariya, har tsofaffi su kira ka su yi maka faɗa. Na zauna na karɓi shayi, na ce masa mutanen Tabla ba su san komai ba sai cin wake, ya rama, aka yi ta raha. Abin da ya fi ƙona ni shi ne tausayin nan. Da ya share duka da na ce mugunta ce. Ya bar mini layi ɗaya kamar yadda ake bar wa yaro ƙashi ya tsotsa, kuma duk da haka na riƙe layin nan da hannu biyu. Kullum da safe sai na buɗe shafin na tabbatar yana nan kafin in karya kumallo.

Na ce a raina, hujja yake so, ai hujjar tana gidanmu, wana ne ba wansa ba. In na ɗauki muryar yaya na kai gidan rediyon garinmu suka watsa suka ɗora a shafinsu, shi ke nan na sami madogara, in mayar da sashena gaba ɗaya, in ga ta inda ɗan Tabla zai ɓullo. Na sa riga mai kyau na tafi gidan yaya da hantsi. Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar hauya da lalube, don a lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi dabbobi. Sannan na aje talho tsakaninmu, na yi gyaran murya, na bayyana masa cewa tarihi ne, na 'yan baya ne, kuma duniya duka za ta karanta. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Mushe, geron ka na gangare ya hwara kai?"

Na ce ya fara.

"To ka sa ido ga tsuntsaye bana."

Na ce, "Yaya, zancen Tenere..."

"Na hwaɗa maka tun tuni. Aiki na anka sa mu, munka yi."

Na ɗauki talhona na yi sallama. A hanya na lallashi kaina da cewa in ni ƙanensa bai faɗa mini ba, to ba mahaluƙin da zai faɗa wa. Wannan tunani ya ɗan sanyaya mini rai, ban ɓoye ba.

Bayan kamar wata guda, wata la'asar, ina ɗaure akuya sai matata ta ƙwala mini kira daga cikin gida, ta ce in zo in ji rediyo. Na shiga na tarar ta tsaya da muciya a hannu. Muryar yayana ce ke fita daga akwatin, kuma dariya yake yi. Rabon da in ji dariyar yaya irin wannan, mai fitowa daga ciki, tun babanmu na da rai. Sai ga murya ta biyu, wadda ko cikin barci na san ta.

"To ɗan kawu, sojan da ka tsoron rago, hwaɗa ma mutane. Kai da an hura wutar Layya sai gudu gona. Mi rago yay yi maka?"

Na zauna a kan turmi. Shekara talatin ba wanda ya iya furta wannan a gidanmu, ko innarmu har ta koma ga Allah ba ta taɓa ba. Ga shi ɗan gwaggo ya faɗe shi a rediyo, Kurfai duka na ji, kuma yaya bai tashi ya fita ba. Sai ma ya fara magana.

Ya faɗi yadda motoci suka riƙa kafewa cikin rairayi, su sauka su tona su shimfiɗa ƙarfe su tura. Ya ce tun kafin su ga komai iska ta kawo musu warin. Ya ce tarkacen ya watsu nesa da nesa, kujera nan, ƙofa can, takardu na tashi suna manne wa tayoyi. Ya ce duk wannan ya daure, har ya sauko ya fara taimakawa. Sai ya taka wani abu mai laushi, ya duba, ashe ƙullin busasshiyar kuɓewa ne a cikin tsumman atamfa, ko ƙonewa bai yi ba. Tsaraba ce wani ya ɗauko zai kai wa nasa a Turai. Ya ce irin ɗaurin da innarmu ke yi masa ne in zai koma bariki, kunne biyu a sama.

"Nan ƙahwahuna sunka mutu," in ji shi. "Na ja jiki na shiga ƙarƙashin mota. Babbanmu shina ta tsawa, ban iya hitowa ba. Yini guda ina nan kwance ina kuka kamar ɗiya mace. Abokaina sunka yi aikina. Ni ban ɗauki kowa ba, mota kawai nit tuƙa."

Taubashina bai yi masa jaje ba. Cewa ya yi, "Ashe dai gaskiyata, matsoraci na." Yaya ya sake yin dariya, ya ce, "Matsoraci na, ɗan gwaggo. Yau na hwaɗi."

Matata tana share hawaye da bakin zane. Ni ma idona ya cika, amma ba zan yi ƙarya ba, tausayin yaya rabi ne, rabi kishi ne tsagwaronsa. Wana ne. Ni na yi masa aike tun ina ɗan shekara biyar, ni na riƙe masa gona duk shekarun da yake bariki, ni na kiyaye shirunsa kamar amana. Ɗaurin innarmu mai kunne biyu, ni na san shi, ni ma da shi ta riƙa sallamata in zan koma Abala. Amma sai a rediyo na ji, tare da mai sayar da gawayi da kowa da kowa.

Daga baya matar yaya ta ba ni labarin yadda aka yi. Ta ce ɗan gwaggo kwana uku ya yi a gidan. Bai zo da riga mai kyau ba, bai yi zancen tarihi ba. Ya ci tuwonsu ya kushe miya, ya kwanta a gadon yaya ya ce shi baƙo ne, ya bi shi gona yana tsokanarsa da zancen rago tun safe har yamma. Rana ta uku suna gindin gawo sai yaya ya ce masa, "Kai, zamna in gaya maka, ka ishe ni." Ta ce da yaya ya dawo gida ranar ya ci abinci kwano biyu. Bayan haka ne ɗan gwaggo ya ja shi gidan rediyo. Na ce mata madalla. Na fito ina tambayar kaina me ya hana ni yin haka, alhali na san amsa. Ƙane ba ya ce wa wansa matsoraci, kuma wa ba ya kuka a gaban ƙanensa. Abin da ya hana ni girmamawa ce, kuma ita aka koya mini.

Gidan rediyo suka ɗora hirar a shafinsu. Taubashina ya koma kundin ya sake gina sashen da ya rushe, da sunan da na ba shi. Ya rubuta shi gajere, ba ado: wani tsohon direban soja daga Kurfai ya shaida wa rediyo kaza da kaza, ga madogara a ƙasa. Ya sa kafewar motoci, ya sa yadda tarkacen ya watsu, ya sa cewa wasu daga cikin waɗanda aka tura sun daɗe suna fama da abin da suka gani. Layina ya bar shi a can saman sashen inda yake. Tun da yanzu shi ma ya zama mai rubutu a shafin, wata malama daga Damagaram ce ta ƙarasa dubawa, ta liƙa tauraro. A shafin tattaunawa aka yi ta barka. Wani ya rubuta cewa irin wannan aiki ake so, a fita a nemo abin da ba a rubuta ba. Taubashina ya amsa cewa yabo na wanda ya fara shafin ne. Ko wannan karamcin nasa haushi ya ba ni.

Na yi kwanaki ina bin shafin da tabarau ina neman kuskurensa. Ban samu ba. Akwai wani wuri a tarihin shafi da in ka danna, komai ya koma yadda yake a da. Sau biyu ina kai yatsa kusa da shi ina janyewa. Shafin ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba, na sani, kuma sanin nan bai rage mini komai ba. Abin da nake faɗa wa kaina shi ne, ko ba komai a sashen yaya maganata ce ta farko, duk mai karatu da layina zai fara.

Bayan an yi girbi yaya ya aiko a kira ni. Wannan ba halinsa ba ne, sai na yi sauri. Na same shi a zaure da safe, idon ya ƙara rufewa, yana zaune ya jingina da buhun gero.

Ya ce, "Mushe, an ce ɗan gwaggo ya sa zancena cikin talho, har Turai ana gani."

Na ce haka ne. Ban ce ni na fara shafin ba, na ga ba lokacinsa ba ne.

"To karanta mani. Shi in ya zaka wasa ka cika shi, ba ya zama."

Na ji daɗi, har na gyara zama kamar zan ba da dikte. Na fara daga sama. Na karanta inda jirgin ya taso da inda ya yada zango, yana gyaɗa kai. Na karanta abin da bincike ya gano, ya ce, "Allah shi jiƙan su." Na iso sashen sojoji, na ɗan ɗaga murya, na karanta layina a hankali yadda kowace kalma za ta zauna: sun ratsa hamada zuwa wurin, sun yi aikinsu ba tare da tsoro ko gajiya ba.

Ya ɗaga hannu. "Tsaya. Maimaita."

Na maimaita.

Ya murza gemu. Sannan ya ce, "Wanga ba ɗan gwaggo yar rubuta shi ba. Shi ya san gaskiya."

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Shekara talatin wagga magana ta hana ni sakewa. Kowa na kallona jarumi, ni ko na san inda nik kwanta. Yanzu na samu na aje kayan, wani ya sake ɗora mani." Ya juyo da fuskarsa wajena, idanun nan farare. "Wanda yas sa wanga layi bai san ni ba. Ana iya ɗebe shi?"

Na ce, "Ana iyawa, yaya."

"Kai ka iya, ko sai ɗan gwaggo ya zaka?"

Wannan tambaya ta fi komai yi mini ciwo. Na ce na iya.

"To ɗebe."

Na danna wurin gyara. Rezo ya yi nauyi, shafin ya daɗe yana juyawa, yaya yana jira, kaji na tono a bakin zaure. Na so in ce masa rabin layin gaskiya ne, akwai littafin da ya faɗa. Na so in ce masa ni ne, kuma don ina ƙaunarsa na rubuta. Da shafin ya fito na sa yatsa a ƙarshen layin na riƙa gogewa harafi harafi, daga "ba" har zuwa "Sojojin", na adana. Har yau ban sani ba ko ya gane mai layin. Wani lokaci in ce bai gane ba, wani lokaci in tuna yadda ya juyo da fuskarsa.

Ya ce, "Ya hita?"

Na ce, "Ya hita."

Ya sauke numfashi, ya miƙe ƙafafu, ya gyara jinginarsa. "Madalla. Ci gaba, Mushe. Kai dai ka iya karatu."

Na goge tabarau da bakin riga, na ci gaba daga inda taubashina ya fara, ina karanta wa yayana labarinsa da kalmomin ɗan gwaggo, yana cewa "haka na, haka anka yi" a ƙarshen kowane layi, har muka kai ƙasan shafi.